Yaron da ya gudu har bakin teku: kangararrun matasa a tsofaffin fina-finan Faransa

Ɗan Birni: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Daren jiya na sake kallon Les Quatre Cents Coups, fim ɗin François Truffaut na 1959, kuma har gari ya waye fuskar yaron nan ba ta bar idona ba. Na fara ganinsa ina lakwal a Damagaram, malaminmu na Faransanci ne ya kawo mana kaset ɗin. Lokacin dariya muka yi ta yi, mun ɗauka labarin yaro ne mai ƙiriniya. Yanzu da nake da ɗa mai shekara 12, ko murmushi ban yi ba.

Ga wanda bai gani ba: yaron sunansa Antoine Doinel, agola ne, yana zaune da uwarsa da mijinta a wani ƙuntataccen gida a Paris. Ko ɗaki ba shi da shi, a lungun bakin ƙofa yake kwana. A makaranta malami ya sa masa ido. Wata rana ya yi fashin aji yana yawo da abokinsa René, sai ya hango uwarsa a kan titi tare da wani namiji daban. Washegari da aka tsare shi da tambayar inda ya shiga, sai ya ce uwarsa ce ta mutu. Daga nan abubuwa suka yi ta dagulewa, har ya saci tafireta a ofishin mijin uwarsa, ya kasa sayarwa, aka kama shi a lokacin da ya koma zai mayar da ita. Mijin uwar da kansa ya miƙa shi ga 'yan sanda. Aka tura shi gidan gyaran hali kusa da teku. Ana cikin wasan ƙwallo ya sulale ta ƙarƙashin waya, ya yi ta gudu har ƙafarsa ta taɓa ruwa. Ya juyo ya dubi kyamara, hoto ya daskare a kan fuskarsa. Fim ya ƙare.

Tambayata biyu ce. Yaron nan kangararre ne, ko manya ne suka kangarar da shi? Sannan me ya sami Faransa a shekarun nan, da fina-finanta suka cika da matasan da suka dawo daga rakiyar iyayensu?

Malam Na Tudu: Wa alaikumus salam. Na kalli fim ɗin, kuma zan faɗi gaskiyata ko da ba za ta yi daɗi ba. Yaron da zai buɗe baki ya ce uwarsa ta mutu tana raye, ya yi sata, ya sha taba, sannan a shirya fim a kai shi har gaban duniya a matsayin abin tausayi? Wannan shi ne farkon lalacewar tarbiyyarsu. An mayar da malami dodo, an mayar da uwa abar ƙi, yaro kuwa kullum shi ne mai gaskiya. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Maman Biyu: Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni malamar firamare ce, shekarata 19 a aji, kuma ban ga inda fim ɗin ya ce yaron na da gaskiya ba. Ya nuna ƙaryarsa, ya nuna satarsa, bai wanke shi ba. Abin da ya ƙara kawai shi ne ya nuna mana abin da ke gaban ƙaryar. Ka tuna wurin da wata likitar ƙwaƙwalwa ke yi masa tambayoyi, ba a ma nuna fuskarta? Ya ce ko ya faɗi gaskiya ba a yarda da shi, shi ya sa ya gwammace ya yi ƙarya. A nan ne kuma muka ji cewa ya san uwarsa ba ta so haihuwarsa ba, kakarsa ce ta riƙe shi shekarun farko. Yaron da ya san wannan, me kake so ya zama?

Tanƙwara ice kuwa ai an yi ta yi. Mari a gaban aji, kora, kulle. Abin da ba a yi ba shi ne zama da shi. Sau ɗaya tak suka fita silima su uku, suka dawo suna dariya a mota, kuma dubi yadda yaron ya sake a daren nan kamar ba shi ba.

Malam Na Tudu: Hajiya, na ji. To amma uwa uwa ce.

Maman Biyu: Ko shakka babu, Malam. Shi ma ɗa, ɗa ne, kuma amana ne.

Baba Mai Ritaya: 'Ya'yana, ku bar ni in sa baki a tambaya ta biyu, domin sai an san ƙasar kafin a gane yaran. Yaran da ake nunawa a fina-finan nan an haife su ne tsakanin 1930 da 1945. Sun buɗe ido sun ga Jamus ta mamaye ƙasarsu a 1940 cikin makonni kaɗan. Sun ga gwamnatin Vichy tana yi wa Jamusawa aiki, sun ga maƙwabci yana kai ƙarar maƙwabci, sun ga layin burodi da kasuwar bayan fage. Da aka gama yaƙi kuma sai kowane babba ya tashi yana cewa shi ɗan gwagwarmaya ne. Yaro ba wawa ba ne, ya san abin da ubansa ya yi da abin da bai yi ba. Daga nan girman manya ya fara zubewa.

Ba a gama sharar wannan ba aka shiga yaƙin Indochina daga 1946 har aka sha kashi a Dien Bien Phu a 1954. A shekarar ce kuma ta Aljeriya ta ɓarke, har 1962. Ga matsalar muhalli, wadda ta kai wani limamin coci, Abbé Pierre, ya yi kiran neman agaji a rediyo a hunturun 1954 saboda mutane na mutuwa a titi don sanyi. Lungun da Antoine ke kwana a ciki ba ƙirƙira ba ce, haka talakawan Paris da yawa suke zaune. A ɗaya gefen kuma kuɗi sun fara shigowa, ga motoci, ga firji, ga kiɗan jaz, ga fina-finan Amurka da suka cika gidajen silima bayan yarjejeniyar 1946. Saurayi yana ganin duniyar jin daɗi a majigi, ya dawo gida ya tarar da takardar kiran soja.

Ita kanta kalmar Nouvelle Vague, wato sabuwar igiyar ruwa, ba don fim aka fara yin ta ba. 'Yar jarida Françoise Giroud ce ta yi amfani da ita a mujallar L'Express a 1957, a wani bincike kan tunanin matasan ƙasar. Daga baya aka laƙaba wa masu fim.

Ɗan Birni: Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan na ƙarshe ban sani ba sai yau.

Mai Haɗa Hoto: Ni ta ɓangaren sana'a zan zo, tunda aikin haɗa fim nake yi a Kano. Tawayen bai tsaya a cikin labari ba, har a yadda aka riƙe kyamara yake. Truffaut da Godard da Chabrol da Rohmer da Rivette duk marubutan sharhi ne a mujallar Cahiers du cinéma, makarantarsu kuwa kujerun Cinémathèque, gidan adana tsofaffin fina-finai da nuna su na Henri Langlois. A Janairun 1954 Truffaut, yana ɗan shekara 21, ya rubuta maƙalar da ta caccaki manyan masana'antar, ya ce fina-finansu na marubuta ne, an goge su sun yi ƙyalli amma babu rai. Bakinsa ya yi kaifi har aka hana shi shiga bikin fina-finai na Cannes a 1958. Shekara ɗaya bayan haka ya dawo bikin da fim ɗin yaron nan ya karɓi kyautar gwarzon darakta.

Sai ku kalli À bout de souffle na Jean-Luc Godard, 1960. Ma'anar sunan, wanda numfashinsa ya ƙare. Jean-Paul Belmondo, wanda ya fito a matsayin Michel, ya saci mota a Marseille, ya harbe ɗan sanda a hanya, ya shigo Paris yana neman kuɗinsa a hannun wani, yana kuma lallashin wata Ba'amurkiya mai tallar jarida, Patricia (Jean Seberg ce ta fito a matsayinta), ta bi shi Italiya. Mai ɗaukar hoto Raoul Coutard a kafaɗa ya ɗauki kyamara, wani wurin a keken guragu aka tura shi saboda babu kuɗin shimfiɗa dogo. Da fim ya yi tsawo, maimakon a cire fitowa guda, sai Godard ya riƙa yanke tsakiyar hoto, mutum na magana sai ka ga ya yi tsalle. A wurinmu wannan kuskure ne da ake korar yaron shago a kansa. Shi kuwa ya bar shi da gangan, kuma ya dace da saurayin da ba ya iya zama wuri ɗaya. Yau duk wani bidiyon waya haka ake yanka shi.

Malam Na Tudu: To ga shi kun kawo da bakinku. Na farko ɓarawon tafireta, na biyu ya kashe ɗan sanda. Wannan me iyayensa suka yi masa? Ban ga uwa ba, ban ga mijin uwa ba. Ɗan iska ne kawai da ya ga hoton jarumin fim ɗin Amurka Humphrey Bogart yana shafa leɓe yana kwaikwayo.

Mai Haɗa Hoto: A nan kam Malam ba zan yi maka musu sosai ba. Michel ba abin tausayi ba ne kamar Antoine. Yana satar kuɗin mace daga jakarta tana juya baya. Amma abin da ka faɗa shi ne zuciyar fim ɗin: saurayi ne da ba shi da kowa da zai kwaikwaya sai hoton bango. Ba shi da aƙida, ba shi da gobe, aron hali yake yi daga silima. Kuma ƙarshensa harsashi a baya, yana tangaɗi a tsakiyar titi har ya faɗi. Wanda ya ga wannan ya ce yana sha'awar zama Michel, to da ma can da abinsa.

'Yar Tawa: Ina ta karatu ban ce komai ba, amma akwai abin da ke damuna da fina-finan nan, kuma yanzu shekarata biyu ina karatu a Lyon, na kalli da yawa a cikinsu a babban majigi. Ina yaƙin Aljeriya yake? Baba ya ambace shi. A daidai lokacin da Belmondo ke yawo a Champs-Élysées da tabarau, sa'o'insa fiye da miliyan ɗaya aka yi ta turawa Aljeriya aikin soja na dole, wasu har wata 27. Ana azabtar da mutane a can. Ran 17 ga Oktoba 1961 'yan sandan Paris, ƙarƙashin Maurice Papon, suka far wa Aljeriyawa masu zanga-zangar lumana, aka jefa wasu a kogin Seine. A Nanterre, bakin Paris, dubban ma'aikata 'yan Arewacin Afirka na kwana a bukkokin kwano da katako. Matasa ne su ma, kuma su ne ke da dalilin fushi na gaske. Kyamarar da ta fita titi da alfahari ba ta bi ta unguwarsu ba. Shi ya sa nake ganin tawayen nan na 'yan gata ne. Ƙosawa ce ta wanda ya ƙoshi.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, maganarki na da nauyi, amma ki haɗa da hukumar tace fina-finai. Gwamnati ko sunan yaƙi ba ta yarda a kira abin ba, sai a 1999 majalisarsu ta amince da kalmar. Godard ya gwada: fim ɗinsa na biyu, Le Petit Soldat, an ɗauke shi a 1960, yana nuna azabtarwa daga ɓangarorin biyu. Aka hana shi fita har 1963, bayan an gama yaƙin. Wane furodusa ne zai sake zuba kuɗinsa bayan ya ga haka? Truffaut da Alain Resnais kuma sun sa hannu a takardar mutum 121 ta 1960, wadda ta goyi bayan matasan da suka ƙi zuwa yaƙin, a lokacin da sa hannun kan iya raba mutum da aikinsa.

Sannan yaƙin yana nan a fina-finan, sai dai a gefe yake tsaye kamar baƙon da ba a gabatar ba. A Adieu Philippine na Jacques Rozier, saurayin yana ta shiririta da 'yan mata biyu ne saboda ya san kwanakinsa ƙidayayyu ne kafin jirgin ruwa ya ɗauke shi. A Les Parapluies de Cherbourg na Jacques Demy, 1964, wanda mutane ke ɗauka fim ne na waƙa da launi kawai, kiran soja ne ya raba masoyan, ya dawo da ɗingishi ya tarar ta yi aure. A Muriel na Resnais, 1963, saurayin ya dawo da wata yarinya da aka azabtar a gabansa tana cin ransa. In kin cire Aljeriya, rabin rashin natsuwar yaran nan ba za ta fahimtu ba.

'Yar Tawa: Na yarda da batun tacewa, Baba. Amma ka lura, duk misalan da ka kawo ciwon sojan Faransa ne. Yarinyar da aka azabtar ko fuskarta ba mu gani ba, sunan ma da ake kiranta da shi ba nata ba ne.

Baba Mai Ritaya: Wannan gaskiya ne, ba ni da amsarsa.

Ɗan Zongo: Gaisuwa daga Kumasi. Ni tambaya ce da ni. Kafin su Truffaut babu wanda ya yi fim a kan matasa ne? Yadda ake ba da labarin kamar su suka fara.

Ɗan Birni: Akwai, Yaya. Tun 1933 Jean Vigo ya yi Zéro de conduite, 'yan makarantar kwana da suka yi wa malamansu bore, aka hana shi har 1945. Truffaut ya ɗauko abubuwa daga can, kamar wurin da yara ke zamewa ɗaya bayan ɗaya daga layin malamin motsa jiki. Bayan yaƙi Jacques Becker ya yi Rendez-vous de juillet a 1949, matasa masu rawar jaz a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, ɗayansu yana faɗa da ubansa don yana son tafiya bincike Afirka maimakon aikin gidansu. André Cayatte ya yi Avant le déluge a 1954, yara da tsoron yaƙin Koriya ya sa suka shirya gudu, abin ya kai su ga kisa, kuma fim ɗin iyaye ya ɗora a kan kujerar tuhuma.

Wanda ya fi kowanne tara jama'a shi ne Les Tricheurs na Marcel Carné, 1958, wato maguɗanta. Kusan mutum miliyan 5 suka shiga kallonsa, ya zarce na Truffaut da na Godard. Samari da 'yan matan Saint-Germain-des-Prés ne da suka yi wa juna alkawarin babu aiki, babu soyayya, babu kunya. Bob da Mic suna son juna amma kowanne yana jin kunyar faɗa kada abokai su yi masa dariya, har yarinyar ta mutu a hatsarin motar Jaguar da ta ƙwallafa rai a kanta. Belmondo ma yana ciki a ƙaramin matsayi.

Mai Haɗa Hoto: Amma bambancin a fili yake. Carné yana da shekara 52 lokacin, kuma kana kallo kana jin dattijo ne ke leƙen yara ta taga yana girgiza kai. Truffaut kuwa labarinsa ne. Shi ma bai tashi da sanin ubansa ba, shi ma mijin uwarsa ne ya kai shi ga hukuma aka kulle shi a gidan yara, daga baya ya gudu daga soja aka ɗaure shi. André Bazin, mai sharhin fina-finai, shi ne ya tsamo shi ya riƙe shi kamar ɗa, kuma Bazin ya rasu a Nuwamban 1958 daidai lokacin da aka fara ɗaukar fim ɗin, shi ya sa aka sadaukar masa.

Maman Biyu: Wannan na Bazin shi ne abin da nake so Malam Na Tudu ya duba. Antoine na cikin fim bai sami babba ko ɗaya da ya tsaya masa ba. Antoine na gaskiya ya sami mutum ɗaya, sai ga abin da ya zama. Na taɓa samun yaro a ajina, agola, kullum a makare, kullum barci. Na yi ta hukunta shi wata biyu kafin in gano a shagon wani yake kwana saboda mijin uwarsa ba ya son ganinsa da dare. Har yau in na tuna bulalar da na yi masa sai raina ya ɓaci.

Malam Na Tudu: Allah ya saka miki, Hajiya, da kika bincika. Ban ƙi wannan ba. Abin da nake tsoro shi ne yaro ya kalla ya ɗauki taba da ƙarya ya bar darasin. Fim ɗin manya ne, a ganina, ba na yara ba.

Maman Biyu: A nan mun haɗu. Iyaye da malamai nake so su kalla.

'Yar Tawa: Anti, tunda kin dawo, ki duba matan fina-finan nan. Uwar Antoine ita ce mai laifi. Patricia ita ta kira 'yan sanda. Mic ta mutu. A Les Cousins na Claude Chabrol, wanda ya ci kyautar Berlin a 1959, yarinyar kamar kaya ce tsakanin 'yan uwa biyu. Namiji in ya bijire ana bin sa da kyamara har teku, mace in ta bijire sai kabari ko cin amana. Sai Agnès Varda ce ta ba mace ido nata a Cléo de 5 à 7, 1962, mawaƙiya tana zaga Paris tana jiran sakamakon gwajin asibiti. Kuma wa ta haɗu da shi a lambu a ƙarshe? Soja mai hutu da zai koma Aljeriya a daren. Mutum biyu, kowanne yana tsoron mutuwa. Wannan wurin ya fi mini duk wata harbe-harben Godard.

Maman Biyu: Ban ga wannan ba, ƙanwata, zan nema. Amma uwar Antoine ni ban iya tsanarta ba. Ta haihu tana yarinya ba da shiri ba, tana aiki, tana dawowa gidan da ko wurin juyawa babu. Ba na wanke ta, na dai gane ta.

Baba Mai Ritaya: Kafin dare ya yi nisa, akwai abin da ya kamata 'yan Nijar na zauren nan su sani, domin 'Yar Tawa ta tambayi ina sauran matasan. Kafin Belmondo ya shafa leɓe, akwai wani saurayi ɗan Yamai da ya riga shi. A 1957 wani Bafaranshe, Jean Rouch, ya ɗauki fim a Treichville, unguwar 'yan ci-rani a Abijan, ya fito a 1958 da sunan Moi, un noir, ya ci kyautar Louis Delluc. Jaruminsa Oumarou Ganda ne, wanda ya shiga sojan Faransa yana ƙaramin saurayi, aka kai shi Indochina, ya dawo babu aiki, ya gangara Abijan yana dako a tashar jiragen ruwa. A fim ɗin yana kiran kansa Edward G. Robinson, abokinsa kuma Eddie Constantine, budurwar Dorothy Lamour. Kun ga aron suna daga silima ke nan, irin na Michel. An ɗauki hoton babu sauti, daga baya Ganda ya zauna yana kallo yana magana daga kansa, kuma muryar nan ita ce fim ɗin. A ƙarshe yana tafiya bakin ruwa da wani yaro, yana faɗuwa ƙasa yana nuna masa yadda ake harbi da yadda ake mutuwa a yaƙi, yana cewa bai samu komai ba. Godard ya rubuta yabon fim ɗin kafin ya yi nasa, kuma duk wanda ya kalli biyun zai ga dangantakar.

To ku gaya mini, tsakanin saurayin da ya yi wa Faransa yaƙi ya dawo yana ɗaukar buhu, da wanda ya saci mota don ya gaji da zama, wane ne ya fi cancantar a kira shi matashin bayan yaƙi da ya yanke ƙauna?

'Yar Tawa: Baba, ka ba ni abin da nake nema. Sai dai sunan Rouch ne a kan fim ɗin, ba na Ganda ba. Kuma Sembène Ousmane, darakta ɗan Senegal, ya taɓa gaya wa Rouch a fuskarsa cewa yana kallon 'yan Afirka kamar ƙwari.

Baba Mai Ritaya: Haka ne, kuma shi ya sa Ganda ya ɗauki kyamara da kansa. Cabascabo, da harshen Zabarmanci, labarin tsohon soja ne da ya dawo daga Indochina, abokai da mata suka taya shi cinye kuɗin sallama suka watse. An nuna shi a Cannes a 1969. A 1972 kuma Le Wazzou polygame ya ba shi babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka da ake yi a Wagadugu, shi ne na farko da ya karɓe ta. Ya rasu ran 1 ga Janairu 1981. Ki haɗa da Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane, 1966, inda saurayi ya dawo daga Amurka da akwatin kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauye. Ki tuna kuma dokar Laval ta 1934 ta hana ɗaukar fim a ƙasashen mulkin mallaka sai da izinin gwamna, shi ya sa Paulin Vieyra da abokansa suka yi Afrique sur Seine a Paris a 1955. Game da Rouch, ana iya sukarsa, amma bai gudu ba. A hatsarin mota ya rasu kusa da Birnin Ƙonni a 2004, a Yamai aka binne shi.

Ɗan Zongo: Ikon Allah. Kakana ya yi dako a Abijan a shekarun nan. Dole in nemi wannan fim in nuna wa mahaifiyata.

Mai Haɗa Hoto: Abu ɗaya da nake so in ƙara game da inda tawayen ya je. Jean-Pierre Léaud, yaron da ya fito a Antoine yana ɗan shekara 14, shi ne kuma saurayin Masculin féminin na Godard a 1966, wanda ya kira tsararsu 'ya'yan Marx da Coca-Cola. A Fabrairun 1968 gwamnati ta cire Langlois daga Cinémathèque, masu fim suka fito titi, 'yan sanda suka doke su, aka mayar da shi. Wata uku bayan cire shi ɗalibai da ma'aikata suka tsayar da ƙasar cak, su Truffaut da Godard suka tilasta aka rufe bikin Cannes. Daga baya su biyun suka ɓata, ba su shirya ba har Truffaut ya rasu a 1984.

Ɗan Birni: Shi kuwa Antoine, Truffaut ya bi shi a fina-finai huɗu bayan na farko, har 1979. Ya yi soja aka sallame shi, ya yi aure, ya haihu, ya rabu da matarsa, bai taɓa zama a aiki ɗaya ba. Na kalle su duka, kuma ban ji daɗinsu kamar na farko ba, sun zama na ban dariya. Fuskar bakin tekun nan ta fi ƙarfin abin da aka yi da ita daga baya.

Malam Na Tudu: Ɗan Birni, ka ce kana da ɗa mai shekara 12. Za ka nuna masa?

Ɗan Birni: Ba yanzu ba, Malam. Amma yau da asuba bayan mun dawo daga masallaci na tambaye shi ko akwai malamin da ya sa masa ido a lakwal. Ya yi shiru, sannan ya ce akwai. Ban taɓa tambayarsa ba sai yau. Gobe Litinin zan je in ga malamin.

'Yar Tawa: Allah ya daidaita, Yaya. Baba, ina roƙon ranar Asabar mu kalli Moi, un noir da Cabascabo a jere, kowa a inda yake, mu dawo nan da dare. Wanda ba ya jin Faransanci ko Zabarmanci ya faɗa tun yanzu, in rubuto masa bayanin kowace fitowa da Hausa kafin ranar.

Maman Biyu: Sa sunana a farko, ƙanwata. Ni ko ɗaya ba na ji.